Fiffiken Hagu na Jirgin Nalado

Ga wata magana zan ajiye muku a tsakar gida. Ba irin ta sa yara barci ba ce. Wanda ya san ba zai iya gardama ba, ya tashi tun yanzu ya ba wani tabarma.

A can ƙasar duwatsu, inda aka haƙi kuza zamanin da, akwai wani gari a bakin wani kududdufi da ake kira Haɗiyau. Rami ne masu haƙar kuza suka bari, ruwa ya cika shi. Samansa lumui, kore shar, kamar ka shimfiɗa darduma a kai. Ƙasansa kuwa tarkacen injuna ne da igiyoyin ƙarfe masu kaurin damtse, sun harɗe da juna kamar saiwoyin gamji. Sauran ruwaye in sun ci mutum sukan dawo da shi a yi masa sutura. Haɗiyau ba ya dawo da kowa. Sai dai a jeru a yi salla babu makara a gaba, a watse.

Akwai wani mai walda a garin, Malam Nalado, gwanin gyaran tankunan manyan motoci. Ƙanensa Mati ya faɗa Haɗiyau garin ceton saniyar da ta zame, daga shi har saniyar ba a ƙara ganin ko ɗaya ba. Mutuwar ba ita ta tsaya wa Nalado a wuya ba, ai kowa zai mutu. Rashin kabarin ne. Da furfura ta fara fito masa, sai ya jawo wani tsohon tanki cikin garejinsa, ya ce zai ƙera jirgin da zai shiga ƙarƙashin ruwan nan, don daga yanzu duk wanda ya faɗa a ɗauko shi a kai shi makwancinsa. Mutanen gari suka yi dariya har suka gaji. Shi bai ɗago kai ba.

'Ya'ya uku gare shi, duka sun kawo ƙarfi.

Babban shi ne Inuwa, mutum mai nauyin baki. In ana gyaran tanki, uban ke shiga ciki, Inuwa na waje. Murya ba ta ratsa ƙarfe, saboda haka da guduma suke magana. Akwai bugun "riƙe", akwai na "tsaya", akwai na "sassauta", akwai wani jan guduma a jikin ƙarfe mai nufin abu ya maƙale, kuma dama da hagu kowane da bugunsa. Ba wanda ya koya musu. Shekaru ne suka haifar da ita tsakaninsu, ko matar gidan ba ta jinta.

Na biyu Talle, ɗan marigayi Mati, wanda Nalado ya riƙe tun yana rarrafe, bai taɓa bambanta shi da nasa ba. Yasar rijiya yake yi. Ya saba da duhu da ruwan sanyi, yana da numfashi kamar na kada. Amma ya rantse da Alƙur'ani ƙafarsa ba za ta taɓa ruwan da ya ci ubansa ba. Ranar da ya ga an fara yanka tankin, ya ce, "Baba, akwatin gawa kake ƙerawa, ka dai sa masa taga." Ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa. Ko ƙusa ɗaya bai miƙa ba a aikin.

Auta ita ce Barira, tela. A gareji ta yi wayo, keken ɗinki kuwa takan warware shi ƙusa-ƙusa ta mayar. Bakinta reza.

Aka yi wa tankin murfi da tagar gilashi mai kauri, da kujera guda, don cikin ba ya ɗaukar mutum biyu. Aka sa masa batira da farfela a baya, da durom na shan ruwa in ana so ya yi nauyi, da ƙarafan da ake saki in ana so ya taso. Saura abin da zai karkata masa hanci. Kun taɓa miƙa tafin hannu ta tagar mota tana gudu? In kun sunkuyar da yatsu iska ta danna hannun ƙasa, in kun ɗaga ta cilla shi sama. To haka fikafikan jirgin ruwa suke, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Nalado ya liƙa su da walda, ƙyam. Ranar da aka zo turo jirgin waje, fiffiken ya kama ƙofar gareji ya ɓalle ta.

Barira ta riƙe haɓa. Ta ce, "Baba, ƙofar da kake gani da idonka ma ta kama shi. Ina ga igiyoyin da ke ƙasa?"

Washegari ya yanke fikafikan. Aka zauna neman fiffiken da zai fito in ana bukata, ya koma in an shiga matsatsi. Suka yi wa kowane kube a jikin jirgi, kamar na wuƙa. Sandar da ke riƙe da fiffiken ta ratsa bango ta shiga ciki, inda direba zai juya wani hannu na ƙarfe, sarƙar keke ta jawo ta. Bakin hudar suka toshe da robar taya don kada ruwa ya bi.

A nan aka yi rigima. Inuwa ya haɗa fiffike da sandarsa da ƙusar ƙarfe mai noti, ya ɗaure tamau da sifana biyu. Barira ta ce a sa ƙusar jan ƙarfe mai laushi, mai tsini, wadda za a doka ta fita, don in fiffike ya kamu a bar wa ruwa shi a tsira da mutum.

Inuwa ya ce, "Wannan ba maɓallin riga ba ne, Barira."

Ta ce, "Yaya, ai shi ya sa. Riga in ta kama ƙaya, yagewa take yi ta sake ka."

Uban ya ce, "Ni ba zan shiga ruwa da fiffiken da zai faɗi a hanya ba. Magana ta ƙare."

Ba ta ƙare ba. Ranar wata Juma'a maza sun tafi masallaci, Barira ta shiga gareji ta cire ƙusoshin yayanta ta sa nata, ta yi musu kai irin na noti. Inuwa da hannunsa ya shafe su da fenti bai lura ba.

Yanzu ga kuskuren, kuma na Nalado ne shi kaɗai. Da suka shafa wa sandunan giris na mota, sai ya cinye robar, huda ta fara yoyo. Nalado ya shiga cikin gida ya ɗauko man kaɗen matarsa ya shafa. Roba ta zauna lafiya. Suka yi ta gwaji a filin gareji, rana tsaka, ƙarfe ya ɗau zafi, mai ya narke, fiffike na shiga yana fita sumul, da ɗan yatsa ma sai ka juya hannun. Suka gwada a bakin ruwa inda rana ke dukansa, nan ma lafiya. Kowace mace a garin ta san abin da man kaɗe ke yi in ya ji sanyi, sai an murza shi a tafin hannu kafin ya saki. Ba wanda ya tambayi mace, ita ma Barirar hankalinta na kan ƙusa.

Ranar shiga ta gaske, da hantsi, gari ya taru a bakin Haɗiyau. Ba a ɗaura wa jirgin igiya ba, don igiyar ma kamuwa za ta yi a ƙasa. Nalado ya ce iskar da ke ciki za ta kai shi azahar, shi kuwa tun kafin rana ta take tsaka zai fito. Ya yi bismilla, ya ja murfi. Ruwa ya rufe a kansa, 'yan kumfa suka taso, shi ke nan.

Ya sauka lafiya. Ya kunna fitila, ya ga igiyoyin a gabansa, da wata 'yar kafa tsakaninsu. Ya juya hannun dama, fiffike ya shige da ƙyar. Ya kama na hagu, ko gezau. Sanyin ƙasa ya daskarar da man, sanda ta kafe kamar an yi mata walda. Kafin ya tsayar da farfela, wata igiya ta shige tsakanin fiffiken da jikin jirgi. Ya saki ƙarafan nauyi, jirgi ya yunƙuro sama, igiyar ta biyo shi har ta miƙe ta ɗaure. Ya tsaya a rataye, a karkace, bai kai sama ba, bai koma ƙasa ba.

A bakin ruwa, rana ta take tsaka. Masu dariya suka daina. Inuwar mutane ta shige ƙarƙashin ƙafafunsu, ruwa na nan lumui kamar ba a taɓa jefa masa komai ba.

Inuwa ne ya fara motsi. Ya ɗauki doguwar sandar rodi da guduma, ya shiga kwalekwale. Ya zura rodin cikin ruwa, ya ciji ɗaya bakin da haƙoransa, ya toshe kunnuwa. Mutane suka ce ya zautu. Ya matsa gaba ya sake, ya koma gefe ya sake, leɓɓansa har sun fashe da tsatsa. Can ya ji wani ɗan kaɗawa a muƙamuƙinsa. Ya bi shi, in ya ragu ya dawo, in ya ƙaru ya ci gaba, har ya tsaya a inda ya fi ƙarfi, nesa da inda kowa ke nunawa da yatsa. Ya saurara. Jan guduma ne, sannan bugun hagu. Abu ya maƙale a hagu. Daga baya bugun ya rikice, ya zama na mutumin da tsoro ya kama, kuma a jikin murfi ake yinsa. Inuwa ya gane uban na shirin buɗewa ya gwada iyo, abin da zai sa ruwa ya danne shi a kujerarsa. Ya ɗaga guduma ya doki rodin: tsaya. Ya sake: tsaya. Bugun ƙasa ya yi shiru. Sannan tsoho ya amsa, a hankali, yadda ya saba amsawa daga cikin tanki.

Inuwa ya juyo ya faɗa wa na bakin ruwa abin da ya ji. Ya ce, "Yana da rai. Fiffiken hagu ne ya kamu. Amma ni na ɗaure notin nan, ko a tudu sai da sifana biyu. Ba mai kwance shi a ƙasa."

Kuka ya ɓarke. Barira ta ratsa maza ta shiga ruwa har gwiwa. Ta ce, "Yaya, ba notinka ba ne a wurin. Na cire shi tun kafin ka yi fenti." Ta faɗi haka a gaban gari duka, da uwarta, da limamin unguwa, ta san ta tona wa kanta cewa ta saɓa wa ubanta a ɓoye. Ta ce ƙusar jan ƙarfe ce, tana gindin fiffike daidai bakin kube. Kan da ke sama na yaudara ne, kada a taɓa shi. Ta ƙasa za a lalubo tsinin, a ɗora masa ƙarfe a doka sama. Ta ciro irin ƙusar daga bakin zanenta, ragowar waɗanda ta ƙera, ta ɗaga. Ta ce, "Ga irinta. Saura mai zuwa."

Ba wanda ya motsa. Masunta suna wurin, da samari masu cika baki, kowa ya dubi ƙafarsa. Haɗiyau ne fa.

Talle na can bisa wani dutse tun safe, ya juya wa ruwan rabin baya, wai shi ba kallo ya zo ba. Sai ga shi yana saukowa yana tuɓe riga. Ya karɓi ƙusar ya shafa ta da yatsu, ido a rufe, don hannunsa ya san abin da zai nema. Liman ya ce, "Talle, rantsuwarka fa?" Ya ce, "Malam, a rubuta mini kaffara." Ya ɗaura gajeriyar guduma da ɗan ƙarfe a ƙugu, ya rungumi dutse, ya bi wata igiya da Inuwa ya zura masa daga kwalekwale. Ƙasa duhu ne, sanyi kamar ana yanka shi. Ya lalubo jirgi, ya lalubo fiffike, numfashi ya ƙare, ya taso. Ya koma ya sami tsinin, ya doka. Ruwa na cinye ƙarfin bugu, ƙusa ba ta motsa ba. Ya taso jini na bin wuyansa daga kunnen dama.

A daidai nan ladan ya kira azahar.

Talle ya kama gefen kwalekwale yana haki. Ya ce, "Igiyar ta ja fiffiken ta matse ƙusar. Sai an saki jan."

Hanya ɗaya ce ta sakin jan. Sai jirgin ya sha ruwa a durom ɗinsa ya ƙara nutsewa kaɗan, igiyar ta yi sako-sako. Ku duba fa. Mutum ne iska ta ƙare masa, kansa na sarawa, duk jikinsa na neman sama, za a ce masa ya yi ƙasa. Inuwa ya doka: sassauta. Shiru. Ya sake dokawa, bai gaggauta ba, bai ƙara ƙarfi ba, yadda yake yi kullum a gareji. Aka daɗe. Sannan kumfa suka taso a jere. Tsoho ya buɗe durom.

Talle ya koma, yanzu har ya fi na ɗazu zurfi. Waɗanda ke bakin ruwa sun ce sun cire rai da shi. Ya ɗora ƙarfe a tsinin ya doka da abin da ya rage masa. Ƙusar Barira ta fice. Fiffike ya zare ya tafi da igiyarsa, jirgi ya rabu da nauyin fiffiken ya yi sama kamar gora, ya bugi Talle a kafaɗa ya wuce. Jirgin ya riga shi fitowa. Shi sai da aka jawo shi da gashin kai.

Da aka buɗe murfi, Nalado na zaune leɓɓansa sun yi baƙi, guduma a hannu, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Ya rayu. Amma hannuwansa sun kama rawa daga ranar, ko kofin shayi sai da biyu yake riƙewa. Talle kuwa kunnensa na dama bai ƙara ji ba.

Da ya murmure ya kira su ukun. Ya ce ya ga ƙasan Haɗiyau da idonsa, ya ga yadda igiyoyin ke riƙe abin da ya faɗa, kuma aikin mai yiwuwa ne in an canja mai an sake fiffike. Ya ce shi ya gama shiga. Ya ajiye hannun juya fiffike a kan tabarma, ya ce, "Kujera ɗaya ce a jirgin nan, ba ta rabuwa. Wanda ya fitar da ni daga ruwa, jirgi nasa ne, da sunan aikin. Ku faɗa mini ko wane ne."

Duka ukun suna so, kada ku ce wani ya yi kara. Inuwa ya ba jirgin ƙuruciyarsa. Barira ta ce ba wanda ya san fiffiken kamarta. Talle kuwa mahaifinsa na ƙasan ruwan, kuma rantsuwa ta riga ta karye.

Na ga bakinku na motsi, za ku ce Talle, don shi ya zubar da jini. To a ina zai nutsa, a faɗin ruwan nan, in ba a nuna masa wuri ba? Me zai doka in notin ƙarfe ya tarar? Kuma shi ne ya kira aikin akwatin gawa ya tafi ya bar tsoho da shi.

Masu cewa Barira, don ita ta hango abin tun ana tudu, ku tuna ta saɓa wa ubanta, ta tura shi ruwa da ƙusar da bai sani ba. Da ƙusar ta karye a wani wurin, da wani suna za ku kira Barira yau. Kuma ƙusa ba ta fitar da kanta. Wanda zai ce mini ai mace ce, ya riƙe bakinsa, Nalado da kansa bai cire ta ba.

Masu cewa Inuwa, don da bai ji bugun ba da tsoho ya buɗe murfi tun kafin kowa ya jiƙa ƙafa, kuma ba muryar da za ta sa mai shaƙewa ya yi ƙasa sai tasa, gaskiyarku. Amma da an bi shawararsa a kan noti, da sai dai ya zauna a kwalekwale yana sauraron ubansa har bugun ya ɗauke.

Hannun juyawar na nan a kan tabarma, Nalado na kallonsu, hannuwansa na rawa. To ku faɗa mini, kuma kowa ya zo da dalilinsa: tsakanin Inuwa da Barira da Talle, wa zai miƙa hannu ya ɗauka?